Ruwan Damina Da Kyamarorin Layinmu

Mu mazauna wani layi ne a zangon Kumasi. Da satar babura ta ishe mu, sai muka yi karo-karo muka sayi kyamarorin tsaro huɗu. Mai gyaran wutan da ya kafa su ya haɗa wayoyin a waje, ya naɗe da salatif, ya karɓi kuɗinsa. Mu kuwa ba mu ga aibu ba.

Ruwan Yuni na sauka, biyu suka mutu ba mu sani ba. Washegarin da aka ɗauke babur ɗin ladaninmu muka taru mu ga ɓarawon, sai duhu kawai. Ashe ruwa ya bi waya ya shiga mahaɗin, tsatsa ta cinye shi.

Da muka sake aikin, kowane mahaɗi sai da muka rufe shi cikin ɗan akwatin roba mai lamba IP66, wanda ke tare ƙura da feshin ruwa. Kafar waya ta dubi ƙasa, aka kuma lanƙwasa wayar ta sauko kaɗan, don ruwa ya ɗige kafin ya kai akwatin. Akwatunan huɗu ba su kai kuɗin kyamara ɗaya ba.

Babur ɗin ladan dai har yau shiru.