Takardar da ke hannunka, daga ina ta zo?

Wata ranar Talata, a ajina na CM1 a nan Allakaye, na yi wa wani yaro tambaya ya amsa da Hausa. Ɗan Buzaye ne, iyayensa sun sauka da bisashensu a bayan gari. Ya ce "ta" inda ake cewa "ya", aji ya kwashe da dariya, wani daga baya ya kwaikwaye shi. Ni kuma, Allah ya yafe mini, sai da na yi murmushi kafin na tsawata. Kwana uku yaron bai zo lakwal ba.

Cikin kwanakin nan na ci karo da wani bayani kan ƙasar Suwidin. Kalmar da kowa ke kiran yarinya da ita a can, tjej, daga harshen Romani ta fito, harshen mutanen da Turawa suka daɗe suna kora daga gari zuwa gari. Haka jycke, wato kare, da lattjo, abin nishaɗi. An karɓe kalmomin tun tuni, amma sai a 2000 hukuma ta amince da Romani cikin harsunan tsirarun ƙasar.

Ina karantawa ina tuna ajina.

Da yamma na je wajen mahaifin yaron, muka sha shayi, na ba shi haƙuri. Ya ce ɗansa ya fi son kiwo, don awaki ba sa dariya.

Da yaron ya dawo, na rubuta kalmomi huɗu a allo: takarda, takobi, tozali, azurfa. Na tambayi aji ko wane harshe ne. Suka ce Hausa mana, Mushe! Sai na ce masa ya faɗe su da Tamajak. A hankali, kansa a ƙasa, ya ce takarde, takoba, tazolt, azref. Aji ya yi tsit. Wata yarinya ta ce ai su ne suka ara daga gare mu. Na ce a'a, ayarin da ke saukowa daga Abzin ba gishiri da dabino kaɗai ya kawo mana ba.

Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, malamai 'yan'uwana suna ta murna, ni ma na yi. Sai dai yanzu ɗan Bahaushe ne ke zaune inda mai Faransanci ya zauna a da, shi ke da bakin da ba a yi wa dariya.

Yaron yana zuwa kullum. Har yau bai sake ɗaga hannu ba.