Yaronmu Ya Ce Sama Zai Tafi

Mu mutanen ƙasar Zuru ba a yi mana tallar aikin soja, da shi muka buɗe ido. Da wuya ka shiga gida uku a Dabai ko Rikoto ba ka tarar da hoton wani cikin kaki rataye a bango ba. Marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya rasu a 2025, ya mulki Jihar Bauci daga 1984 zuwa 1985, Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi kuwa shi ya shugabanci sojojin ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Dattawa kan ce asirin abin yana ga golmo, domin saurayin da ya yi shekara bakwai yana noma a gonar surukai, ba rana ba ruwa, wane fareti ne zai ba shi tsoro?

Amma fa sojan da muka sani na ƙasa ne, mai takalmi da bindiga. Shi ya sa ranar da ɗan ƙanenmu ya ce zai nemi shiga Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna, kuma tuƙin jirgin yaƙi yake so, sai zaure ya yi tsit. Kakansa, tsohon saje da ya yi yaƙin basasa, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, sojan da ba ya taka ƙasa, da me zai san ya je yaƙi?"

Yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, ai a can hafsan ne ke zuwa da kansa."

Mun yi dariya a lokacin, daga baya muka ga ba maganar dariya ba ce. A rundunar sojojin sama, wadda aka kafa a 1964 da taimakon Jamusawa, al'amarin a juye yake. Kurata su ke zama a ƙasa suna duba inji, suna ɗaura makamai, hafsa kuwa shi ke hawa ya tafi inda ake wuta. Wato mai anini a kafaɗa ya damƙa ransa ga kofur ɗin da ya ɗaure noti da asuba. Wanda ya saba wulaƙanta na ƙasa da shi, to, ya san a hannun wa ya bar wuyansa. A watan Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo jirgin Alpha Jet a dajin Zamfara, matuƙinsa Abayomi Dairo ya dira da lema, ya ratsa daji da ƙafa cikin dare har ya tsira. Da muka ba tsoho wannan labari sai ya gyaɗa kai, ya ce ashe su ma suna taka ƙasa.

Abin da ya hana mu barci daban ne. Tun watan Maris na 2022, da 'yan bindiga suka kashe 'yan sa-kai fiye da sittin a masarautar nan, mutanenmu na Sakaba da Danko-Wasagu sun koyi ɗaga kai in sun ji rugugi, suna fatan jirgi ne daga Kainji. To amma daga sama, babur ɗin ɗan sa-kai da na ɗan ta'adda kamarsu ɗaya. Ba mu manta Rann ba, inda a Janairun 2017 aka yi kuskuren jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira. Golmo ya koya wa yaranmu juriya da bin umurni ba musu, Allah ya sani mun gode. Sai dai matuƙi, wata rana aikinsa shi ne ya ce, "Ban tabbata ba, ba zan saki ba," ko da wanda ke magana a kunnensa ya girme shi da muƙami uku. Wannan kam ba mu koya wa yaron nan ba. Mu da kanmu muka tarbiyyantar da shi kada ya ɗaga ido gaban babba.

Ya dai cike takarda. Tsoho ne ma ya sayar da buhun dawa biyu aka yi masa kuɗin mota zuwa wurin jarrabawa. Da zai shiga mota a tasha ya riƙo hannunsa ya ce, "In ka hau can, ka tuna mu ne a ƙasa."