Itace Ya Yi Nisa, Kachala Ta Cika Ruwa

Mu Hausawan da fatauci ya kawo iyayenmu Jajimaji, tsakanin Nguru da Gashuwa, da itace muke girki, masu shayi kuma da gawayi. A makaranta an koya mana cewa itace makamashi ne mai sabuntuwa. To, amma fa sai in an dasa wani. Aduwar da aka sare yau, sai an yi shekaru kafin a samu madadinta, ga rairayi yana ta matsowa daga wajen Yusufari.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne kachala. Tun bayan gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ciyawar nan ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Hadeja zuwa Nguru, ta hana masunta da manoman shinkafa sakat. Ka yanke ta, ta sake tofowa. A Muritaniya kuwa, busar da ita suke yi su mai da ita gawayi su sayar.

Babana ya ce in har gawayin yana kama wuta sosai, kuma bai fi na ƙirya tsada ba, shi zai fara ajiye buhunansa a shago.