GUDA NAWA AKA SAYO, KO KILO NAWA TAKE ƊAGAWA?

Shekara ba ta ƙarewa sai mun ji labarin nan, sunan gari kawai ke canzawa: kwale-kwale ya kife, an ceto kaza, ana neman kaza. Ba mu manta da Bagwai ba a ƙarshen Nuwamban 2021, lokacin da yaran Islamiyya suka taso daga Badau za su Mauludi, jirginsu ya kife a dam ɗin Watari. A Mayun 2022 kuma, ana cikin hidimar ƙaramar Sallah, aka yi irinsa a nan jiharmu, a yankin Mai'adua, yawancinsu yara. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri.

Bayan jana'iza sai a shiga maganar kayan ceto. A 2025 ma'aikatar tarayya mai kula da harkokin teku da sufurin ruwa ta sanar da rabon rigunan ruwa 42,000 ga jihohi 12. Abu ne mai kyau, ban raina ba. Amma jama'a ku lura, duk sanarwar irin wannan adadi ake faɗa mana. Guda kaza. Ba a cika jin wanda ya tambaya kowace riga nauyin me za ta iya ɗagawa ba, kuma jikin wa aka auna kafin a sayo ta.

Mu nan Dutsin-Ma da Kurfi wani zai ce ina ruwanmu, ai ba Yawuri muke ba. To ga Zobe nan a gefenmu kan kogin Karaduwa, tun 1983 take tare ruwa, masunta na kanta kullum, mutanen ƙauyuka na tsallakawa. Ga dam ɗin cikin gari. Ga kududdufai da ramukan da masu aikin hanya suka haƙa suka tafi suka bari, waɗanda ke cika maƙil da damina. Idan ka haɗa da Jibiya da Ajiwa da Sabke da Mairuwa, za ka ga jihar da ake kira ta tudu tana da ruwan da zai ci mutum a kowace shiyya.

Lissafin bai da wuya, kuma masuntanmu sun riga mu saninsa. Duk wanda ya taɓa kallon masu su, ko a Argungu ko a nan, ya ga yadda mutum ke kwanciya kan gora yana iyo. Ƙaton mutum ba ya ɗaukar gorar yaro. Kuma ba ya ɗaukar wadda ta fi ƙarfin ƙirjinsa, don za ta riƙa juya shi. Iskar da ta cika lita ɗaya tana ɗaga kusan kilo ɗaya a cikin ruwa. Jarka mai lita 25, in babu komai ciki kuma an ɗaure murfinta tam, za ta riƙe abin da ya haura kilo 20. Shi ke nan karatun. Sauran duk sanin nauyin da kake son ɗagawa ne.

A wani wurin da na taɓa aiki, takardar farashin wani ɗan kwangila ta biyo ta teburina. Kayan nutso ne irin na zamani, wanda mutum ke goya tukunyar iska ya shiga ƙarƙashin ruwa. A cikin jerin akwai wata jakar iska da ake ɗaurawa a baya, tsakanin mai nutso da tukunyarsa. Masu yin ta suna kiranta fiffike saboda siffarta, ni kuwa salka ta fi yi mani kama. Mutumin ya zaɓo babba, mai ɗaga kilo 27. Na tambaye shi dalili, ya ce: "Ranka ya daɗe, ai rai za a ceta, gara babba." Kowa a ɗakin ya gyaɗa kai. Babbar ce kuma ta fi tsada, wannan ban faɗa ba a wurin.

Gara babba. Wannan magana tana da daɗin ji, kuma tana iya kashe mai nutso. Bari in yi bayani yadda na fahimta bayan na zauna na bi abin.

Aikin salkar nan ba ta ɗaga mutum ba ne kamar ƙugiya. Jikin ɗan Adam a ruwa kusan ba shi da nauyi, wani ma sai an rataya masa dalma kafin ya nutse. Aikinta ta cike giɓin nauyin da ke canzawa yayin da mutum yake ƙasa. Abu biyu ne ke canzawa. Na farko iskar da ke cikin tukunya. Mutane na mamaki idan aka ce iska na da nauyi, amma tukunya mai lita 12 da aka ɗura ta cika tana ɗauke da iskar da ta kai kusan kilo 3. Mai nutso yana auna dalmarsa ne yadda zai iya tsayuwa a ƙasa ko da tukunyar ta kusa ƙarewa, don haka a farkon shiga ya fi nauyi da wannan kilo 3. Na biyu rigar robar da yake sawa don sanyi. Cike take da ƙananan kumfa, tana ɗaga shi a sama, amma yana yin ƙasa ruwa na matse ta, ɗagawar na raguwa. A ruwanmu mai ɗumi siririyar riga ta isa, asarar ba za ta wuce kilo 2 ko 3 ba. Haɗa su, kilo 5 zuwa 6.

Akwai lissafi na biyu. Idan mai nutso ya taso ya kwance kayansa zai hau jirgi, dole salkar ta riƙe kayan su kaɗai a saman ruwa: cikakkiyar tukunya, farantin baya, bututun shaƙa, da duk dalmar da aka maƙala masu. Wannan kan fi na farko yawa. Sai ka ɗauki wanda ya fi girma cikin biyun, ka ƙara ɗan rara don kan mutum ya fito sosai idan iska ta tada igiyar ruwa. Shi ya sa mai tukunya ɗaya yawanci salka mai kilo 13 ko 14 ta ishe shi. Masu kilo 18 zuwa 27 an yi su ne don mai goya tukunya biyu, irin masu shiga kogo ko tsohon jirgi a teku mai sanyi.

To me zai faru in ka ɗaura babbar a kan tukunya ɗaya? Gefunanta za su naɗe tukunyar kamar ganye ya naɗe alale. Iska ta maƙale a lungu inda bakin fitarwa bai kai ba. A zurfin mita 10 matsin ruwa ninki biyu ne na sama, ma'ana iskar da ka zuba a can za ta kumbura ta ninka kafin ka iso sama. Kana tasowa tana kumbura, tana kumbura tana ƙara jan ka, kai kuma kana lalube ka kasa fitar da ita. Mutum ya fito kamar an harbo shi. Huhu na iya fashewa, kumfa na iya shiga jini, kuma ɗakin matsin iska da ake jinyar wannan ciwo ba a garuruwanmu yake ba. Ka ƙara da cewa ruwan dam ɗinmu da damina ja ne, ba ka ganin tafin hannunka, ga ragar masunta ga kututture. Duk abin da ya yi faɗi a bayanka abin sarƙewa ne.

Ƙaramar ma ba ta da daɗi. Ka hura ta ta cika, ka ga har yanzu ƙasa kake yi, sai dai ka yar da dalma.

Wani abokin aiki ya kawo hujjar da ta fi ta ɗan kwangilar ƙarfi. Ya ce ai mu ba yawon kallon kifi za a yi ba, gawa za a ciro, wani lokaci da babur ko injin jirgi, ba a buƙatar rarar ƙarfi? Tambaya ce mai kyau, amma masu koyar da nutso sun hana wannan. In ka hura salkar bayanka don ɗago abu mai nauyi, abin ya suɓuce daga hannunka, duk wannan iska kai kaɗai za ta ɗauka ta yi sama da kai. Kaya ana ɗaura masu tasu jakar daban, ko a ɗaura igiya na cikin jirgi su ja. Wato in kuɗin ya isa, a sayi salka daidai mutum, canjin a sayi igiya da jakar ɗaga kaya.

Na san mafi yawan masu karanta wannan ba za su taɓa goya tukunyar iska ba. Amma rigar ruwa kowa na iya sawa, kuma ciwon ɗaya ne. Ku duba cikin riga ta gaskiya, akwai lamba da harafin N a gabanta: 50, 100, 150 ko 275. Raba da goma, ka sami kusan kilon da take ɗagawa. Mai 50 taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo kuma yana kusa da gaɓa. Mai 100 ta ruwan kwance ce. Mai 150 an yi ta ne don ta juyo da wanda ya suma fuskarsa ta kalli sama. Mai 275 ta masu aiki a teku ce da kaya masu nauyi a jiki, ba ta tsallaka Zobe ba. Wadda ba ta da lamba ko ɗaya kuwa, wallahi ni ba zan sa wa ɗana ba. Akwai masu kama da rigar ruwa a kasuwa da in ka matsa sai ka ji soson katifa.

Sannan a tuna su wa ke shiga jirgin nan. Dattijo ne da babbar riga, wadda in ta jiƙe take ɗaure hannu da ƙafa. Mace ce da hijabi har ƙasa, ga goyo. Kuma yara ne, yara, yara. A Bagwai da Mai'adua su waye suka fi mutuwa? Amma je ka duba hoton duk wani bikin rabo, rigunan manya ne jere a tebur. Ka sa wa yaro ɗan shekara shida rigar babba, yana faɗawa ruwa rigar ta yi sama ta bar shi, ko ta rufe masa fuska. Ta yara da nauyin jikinsu ake sayenta, kuma tana da ɗamarar da ke bi ta tsakanin ƙafafu don kada ta zame.

Mu ma'aikata mun san inda abin ke lalacewa. Layi ɗaya ne a fayil. An rubuta "rigar ruwa, guda 500", an bar sauran ga ɗan kwangila. Mai sito zai ƙirga ya ga 500, odita zai ƙirga ya ga 500, kowa ya sa hannu, babu wanda ya karya doka. Da an rubuta guda nawa na manya, guda nawa na yara masu kilo kaza zuwa kaza, lamba kaza a jiki, da shi kansa mai kawowa ya san da wanda yake magana. Kuma kafin a biya, a ɗauki biyar daga cikin buhu a kai bakin dam, a kira Sarkin Ruwa da yaransa su sa su faɗa a gaban kwamiti. Rabin yini ne. Su masuntan nan da ke nutso da numfashinsu kawai suna ciro mana 'yan uwa, su ya kamata a fara tambaya, kuma in har an sayo kayan zamani su ya kamata a tura horo, ba ɗan wani da bai taɓa shiga ruwa ya wuce gwiwa ba. Kayan nutso a hannun wanda ba a koya wa ba sun fi rashinsu haɗari.

Ga 'yan uwana na Kurfi da ƙauyukanmu da ba jirgi sai kududdufi, kada mu jira kwangila. Jarka mai lita 25, murfi a ɗaure, igiya mai tsawon mita 20 a hannunta, a rataye a bishiya mafi kusa da inda yara ke wanka. Wanda ya ga yaro na nutsewa ya jefa masa, ya ja daga tudu, kada ya bi shi ciki in bai iya ruwa ba. Masu unguwanni da limamai su sanar ranar Juma'a cewa jarkar ta ceto ce, kada a wayi gari wani ya kwance ta ya tafi ɗibar ruwa.