Maƙera Babu Wuta: Yini Guda a Wani Shagon Wasa na Maraɗi

Ba aikin jarida ya kai ni Maraɗi a wannan karo ba, kiran yayana ne. Ɗan kasuwa ne mai kantin yadi kusa da babbar kasuwa, kuma ba mutum ne mai son doguwar magana ta waya ba. Ina ɗauka sai ya ce: "Ka zo ka ga ɗanka. Jika 15 sun ɓace daga akwatin kanti, na matsa masa, ya ce wai bindiga ya saya." Gabana ya faɗi, domin duk wanda ya san halin da kudancin jiharmu ke ciki ya san nauyin wannan kalma. Sai ya ƙara da cewa: "Wai bindigar cikin salula ta ke. Ni ban gane ba. Ku da kuka yi lakwal, sai ku zo ku fassara mana."

Washegari na shiga motar asuba daga Yamai. Tafiyar kilomita kusan 660 ce: Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Galmi mai albasa, Madawa, Gidan Runji, Tsibiri, sa'annan Maraɗi. Tsawon hanya ina shirya wa'azin da zan yi wa yaron, har na tsara shi kashi uku kamar yadda mushe ya koya mana a lise.

Maraɗi tana nan yadda na bar ta, ƙura da hayaƙin kabu-kabu, ga ƴan dako suna kai da kawowa ko ba ranar Litinin ko Juma'a ba da kasuwa ke cika. Gari ne da ya san gudun hijira da sake gini. Katsinawan da suka baro birninsu a farkon ƙarni na 19 su suka kafa sarautarsa a bakin gulbi, kuma ambaliyar 1945 ce ta sa aka hauro da shi bisa tudu. Mu da muka tashi nan, bindigar da muka sani ita ce ta ƴan bindigar sarki ranar hawan salla, wadda a ke ɗura wa albarushi, ta yi tsawa guda, hayaƙi ya turnuƙe, yara mu watse muna dariya.

Bayan la'asar na ce wa yaron, mai shekara 16 da ke shirin jarrabawar burbe, ya kai ni inda ya sayo bindigar. Muka bi wani lungu bayan kasuwa, muka shiga wani ɗaki mai rufin kwano. Fanka biyu na juyawa, bencina huɗu, bango cike da wuraren sa sharji. A kusurwa akwai tele biyu na masu wasan ƙwallo, amma yawancin samarin, su wajen 20, kowa ya sunkuya bisa salularsa. Mai shagon matashi ne da ya gama jami'a bai samu aiki ba. Abin da ya ke sayarwa intanet ne da kuran, dala 20 awa guda, in wuta ta ɗauke kuma ya tada gurup. A ƙofa wani dattijo ya kafa teburin shayi da burodi.

Wasan da suka fi bugawa sunansa Call of Duty: Mobile. Kamfanin Activision na Amurka ne mai shi, wani reshe na kamfanin Tencent na ƙasar Sin ya ƙera shi, ya fito ranar 1 ga Oktoba 2019, kuma cikin makonsa na farko aka sauke shi sau miliyan 100. Wasu kuma suna buga Free Fire ko PUBG, waɗanda ƙaramar salula ta fi iya ɗauka. A kan yi biyar da biyar cikin ƙaramin fili, ko kuwa a zuba mutum 100 cikin babban fili, wanda ya rage a ƙarshe shi ya ci. Abokin karawar yaron Maraɗi yana iya zama a wata ƙasa can, ba su taɓa ganin juna ba.

Na ce masa: "To, ina bindigar?" Ya ce: "Baba, sai mun shiga maƙera." Wannan sashe an ƙara shi cikin wasan a shekarar 2020. Ya taɓa allo, sai ga kalash ta bayyana tana juyawa a hankali, wadda wasan ya rubuta wa suna AK-47. Kewaye da ita gurbi 9 ne: bakin bindiga, bututu, madubin saiti, gindi, fitilar leza, mariƙin gaba, mariƙin baya, gidan harsashi, da wata ƙarin dabara da a ke zaɓa. Amma doka ta ce biyar kawai za ka cika. Gefe guda kuma ga ma'aunai shida: ƙarfin harbi, daidaito, nisa, saurin wuta, saurin tafiya, da sauƙin riƙo. Duk abin da ka ɗora, wani ma'auni zai hau da kore, wani ya sauka da ja.

Nan yaron da ba ya iya haɗa jimla biyu gaban ubansa ya zama malami. Ya ce kalash tana da ƙarfi, amma tana da shuri: in ka danne, bakinta sai ya riƙa hawa sama, harsashi na biyar ya wuce bisa kan abokin gaba. Maganin haka mariƙin gaba ne, amma yana jinkirta ɗaga bindiga zuwa ido. Dogon bututu yana kai harbi nesa, amma yana sa ka nauyi wajen gudu. In ka cire gindin gaba ɗaya za ka yi sauri kamar zomo, amma riƙo ya lalace. Babban gidan harsashi yana ƙara maka bisa 30 ɗin da ta zo da su, amma ka rasa wani abu na sauri. Abin kashe ƙara yana hana jan ɗigo ya nuna inda ka ke bisa taswirar abokan gaba, shi ma da kuɗinsa. Saboda haka yana da kalash iri biyu: mara gindi domin ƙananan filaye irin Nuketown, inda a ke gamuwa ido da ido, da mai dogon bututu da madubi domin babban fili.

Ya ku ƴan kasuwa masu karanta wannan shafi, ai kun gane zancen. Shi ne lissafin mai jari kaɗan gaban kaya da yawa: in ka cika mota da shadda ba ka da wurin atamfa, in ka zaɓi kaya mai saurin fita ribarsa ƙarama ce. Ba a samun kome sai an saki wani abu. Na yi shekara uku a lise kafin in fahimci haka, ga yaro ya koya da ɗan yatsa.

Ya miƙo mini salular in gwada. Babban yatsan hagu ke tafiyar da mutum, na dama ke juya kai da saiti. Gwanayen cikinsu da yatsa huɗu su ke bugawa, sun ɗora salular bisa gwiwa. Ya ce in riƙa harbi kaɗan-kaɗan, ina jan yatsa ƙasa domin in danne shurin. Ban kai daƙiƙa 20 ba aka kashe ni. Kafin in ce wani abu, ga ni na sake tashi a wancan gefen fili, lafiya lau, bindiga cike. Aka kashe ni sau 11, samarin suna ta dariya: "Baba, ka ɓuya bayan mota!" In an ji maka rauni kuma, ka laɓe bayan bango ƴan daƙiƙoƙi, jinin da ke allo ya goge da kansa. Ba zan ɓoye muku ba, da na samu na kada mutum guda na ji daɗi har na ɗaga murya.

To ina jika 15 suka shiga? Ba cikin waɗannan sassa ba, domin su kyauta ne, yawan wasa ke buɗe su. Kuɗin ado ya ci. A na sayar da fentin bindiga, mai ruwan zinariya, mai walƙiya, mai fitar da wuta, ta hanyar wani kuɗin cikin wasa da a ke saye da kuɗin gaske. Mafi tsadarsu ta ƙuri'a a ke samu: kaya 10 cikin jaka, kowane ja ya fi na baya tsada, bindigar da a ke so kuwa ba kasafai ta ke fitowa da wuri ba. Yaron ya ja, ya ja, kuɗi suka ƙare, ya tashi da wuƙa da wata alama. Na tambaye shi ko fentin yana ƙara ƙarfin harbi. Ya sunkuyar da kai ya ce a'a. A shekarar 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a irin waɗannan da a ke saye cikin wasanni caca ne, kuma da wasan ya fito a 2019 ba a sake shi a ƙasar ba. Mu a nan ba mai tsaron wannan ƙofa sai uba, uban kuma bai san akwai ƙofar ba.

Da aka yi magariba na fito na zauna wajen mai shayi. Muna cikin hira na gane daga wani ƙauye ya ke na wajen Madarunfa, kusa da iyaka. Ya ce shekara uku ke nan da ya kwaso iyalinsa, bayan daren da ƴan bindiga suka shigo suka kora shanu suka tafi da mutane biyu. Irinsa suna da yawa, ban da dubban mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina da suka tsallako tun 2019, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Na ce masa: "Malam, wannan ƙara da ke fitowa daga ɗakin ba ta damunka?" Ya juye shayi daga wannan kofi zuwa wancan, ya ce: "Ba ita ba ce, ɗana. Wannan tana da daɗin ji. Waccan busasshiya ce, kamar a na karya itace kusa da kunnenka, in ta tsaya kuma ko jaki ba ya kuka." Ya ce abu guda ya roƙi mai shagon, bayan isha kowa ya sa abin kunne, kuma sun yi masa. Ɗansa ma yana ciki, in ji shi, yana bugawa da salular aro. "Gara in san yana nan ɗakin, ina ganin takalmansa a ƙofa."

Waccan ɗin da ya ke nufi tana da tarihi. Mikayil Kalashnikof, sojan tsohuwar Tarayyar Sobiyet, shi ya zana ta, rundunar ƙasar ta karɓe ta a 1949. Tana iya fitar da harsashi wajen 600 a minti guda, ba ta jin ƙura ba ta jin rairayi, shi ya sa ta cika nahiyarmu. Tana bisa tutar Mozambik, ta kuma zauna bisa tambarin Burkina Faso daga 1984 zuwa 1997. Mu kanmu mun ƙona makamai a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000 domin rufe babin tawaye, sai rushewar Libiya a 2011 ta sake buɗe rumbuna. Kalashnikof ya rasu a Disamba 2013, kuma kafin rasuwarsa ya rubuta wa shugaban cocin Rasha wasiƙa yana tambaya ko alhakin waɗanda bindigarsa ta kashe yana wuyansa. Ma'aunai shida na maƙerar salula ba su da gurbin wannan tambaya. Cikinta an lissafa kuɗin kowane mariƙi da kowane bututu, amma wanda ya faɗi tashi ya ke yi.

Ban ce wasan zai mai da ɗiyanmu ƴan bindiga ba. Waɗanda suka shiga ƙauyen mai shayi ba a shagon intanet suka koya ba, kuma samarin da na gani, bayan sun gama harbe-harbensu, kuɗi suka haɗa suka sha shayi kofi guda. Abin da na gani da idona ya fi haka kusa: kuɗin kanti, awoyin karatu, da yara ƴan shekara 10 gaban wasan da masu rarraba shi suka sa wa alamar cewa ba na ƙanana ba ne. Mai shagon ya ce shi ba ya iya korar mai biya. Uba ke iyawa, in ya san hanyar lungun.

Da dare na zauna da yayana bisa tabarma, na fassara masa kamar yadda ya nema. Wa'azina mai kashi uku ban yi shi ba. Na ce: "Yaya, sata dai ya yi, sai ya biya. Amma yaron nan ya iya lissafin riba da hasara, ka ba shi littafin kanti ya riƙe." Ya daɗe bai ce kome ba. Daga baya ya yanke cewa yaron zai tsaya kanti kowace Asabar da Lahadi har jika 15 su cika, salula kuma ta kwana ɗakin uwarsa har a gama jarrabawa. Zancen littafi, ya ce sai ya gani. Ko yaron zai daina jan ƙuri'a, wannan sai lokaci.

Kwana biyu bayan haka na kamo hanyar Yamai. Bayan Gidan Runji aka tsai da mu a wani shinge, wani soja matashi ya leƙo yana duba katin shaida. Tana rataye a ƙirjinsa, katakonta ya koɗe, an naɗe gidan harsashin da baƙar roba, babu madubi, babu zinariya. Na tarar da kaina ina ƙidaya gurabenta ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yaron ya koya mini. Sojan ya mayar mini da katina ya ce Allah ya kiyaye hanya. Shekarunsa ba za su fi na ɗan yayana da biyar ba.