Daga Nguru zuwa Gashuwa: Bikin 'yan Nijar da jakar maganin Inna

A wannan makon ba daga bayan kantar magani zan yi muku magana ba, tsarabar tafiya na kawo. Bayan Babbar Sallah na yi kwana shida a arewacin Jihar Yobe, uku a Nguru wajen sunan 'yar ƙawata, uku a Gashuwa wajen bikin ƙanwar mijinta. Dangin mijin nata asalinsu mutanen Jamhuriyar Nijar ne, kuma abin da na gani a gidajensu ya shafi duk iyalin da ke da 'yan uwa a tsallaken iyaka.

Daga Kano muka bi ta Haɗeja. Kafin ka shiga Nguru ruwa da ciyawar kacala ne za su fara tarbarka, domin garin yana bakin fadamar nan ta Haɗeja da Nguru, wadda tsuntsaye ke zuwa daga Turai su yi hunturu a cikinta. A nan ne layin dogo da ya taso daga Kano ya ƙare a 1930, shi ya sa garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu. Mangawa ne 'yan ƙasa, kuma ƙasar Manga ba ta tsaya a iyaka ba, ta miƙe har Gure da Maine-Sorowa a cikin Nijar. Saboda haka wanda ya taso daga can ya zo Nguru bai sauya harshe ba, bai sauya tuwo ba. Abin da ya sauya masa shi ne kuɗi da takarda da harshen hukuma.

Surukin ƙawata ya baro yankin Gure ne a farin 1984, bayan dabbobinsa sun ƙare. Ya fara da dako a kasuwa, daga baya ya kama sayar da kanwa, yau ga shi da gida da 'ya'ya da jikoki. 'Ya'yan a Nguru aka haife su, boko na Turanci suka yi. 'Yan uwansa da suka rage a can kuwa 'ya'yansu lakwal suka shiga, da Faransanci suke karatu. Abin da ke haɗa gidan biyu shi ne suna da aure da gaisuwar mutuwa. An ba ni labarin cewa lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024, an yi aure guda a gidan wanda dangin Gure ba su samu zuwa ba, ta WhatsApp suka riƙa aiko da guɗa da addu'a. Har yau idan aka tuna sai wata ta share hawaye.

Wannan karon kuwa sun zo, mota guda cike. Sun zo da dabino da cuku da kilishi da atamfofi. Gudummawarsu a sefa suka kawo ta, ana ta lissafin jika da dala, yara na dariya saboda sun kasa gane cewa dala ɗaya sefa biyar ce. Ragon suna ma irin na can aka yi masa, an buɗe shi an soke a sanduna biyu da aka gitta, an jingina a gefen wutar itace yana gasuwa a hankali tun hantsi, kamar yadda suke yi wa ragon layya. Matan Nguru suka ce su dai suya a mai suka sani. Da yamma samari suka kafa butar shayi, ana zagayawa har sau uku. Babu wanda zai ce maka a cikin wannan tsakar gida akwai 'yan ƙasa biyu.

A daren suna ne aka kira ni ɗakin baƙi. Yayar surukin ƙawata, tsohuwa mai kimanin shekara saba'in da kowa ke kira Inna, ta tashi za ta yi alwala jiri ya kwashe ta, Allah Ya sa akwai mai riƙe ta. Na duba ƙafafunta, duk sun kumbura. Muka aro na'urar awon jini a maƙwabta, na tarar jinin ya yi ƙasa sosai ga mai hawan jini.

Na ce, "Inna, ina jakar maganinki?"

Ta ce, "Ga ta nan ɗiyata. Wannan lokotoro ya ba ni a Damagaram, wannan kuma ɗana ya sayo mini nan, ya ce na Najeriya ya fi ƙarfi."

Kwali biyu ne, launinsu daban, ɗaya da rubutun Faransanci, ɗaya da na Turanci. Amma ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban suna iri ɗaya ne a duka biyun: amlodipine, miligiram 10. Kwana biyar Inna tana shan magani ɗaya sau biyu, alhali miligiram 10 shi ne iyakar abin da ake bai wa babba a rana. Ɗan nata da kyakkyawar niyya ya je shago ya ce mahaifiyarsa na da hawan jini, aka miƙo masa, ba a tambayi abin da take sha ba, shi ma bai tafi da kwalin ba. Washegari muka kai ta asibiti, likita ya duba ta, ya mayar da ita kan ƙwaya ɗaya. Kafin mu bar Nguru ta warware, har tana yi mini tsiya wai na raba ta da maganin Najeriya.

Wannan kuskure yana da sauƙin faruwa. Doliprane da Efferalgan da ake yawan gani a Nijar, da Panadol da muka saba da shi a nan, duk farasitamol ne. Wanda ya haɗa su yana iya wuce giram 4 a rana, wanda shi ne iyaka ga babba mai lafiya, kuma hanta ce ke ɗaukar nauyin. Babban sunan da ke jikin kwali na kamfani ne, yana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Ƙaramin sunan shi ne na maganin, kuma kusan yadda ake rubuta shi da Turanci haka ake rubuta shi da Faransanci. Shi za ku riƙa dubawa.

Da labari ya zagaya cewa akwai mai harhaɗa magunguna a gidan, sai wata matashiya da aka auro daga Gure bara ta kawo mini katin riga-kafin ɗan da ta zo da shi, mai wata goma sha ɗaya. Tun da ta tare ba ta kai shi awo ba, tana tsoron a ce ba a san wannan kati ba, ko a ce sai an sake allurai daga farko. Na kwantar mata da hankali. BCG da Penta sunansu ɗaya a ƙasashen biyu. Inda aka rubuta VPO ɗigon shan inna ne, VAR ta ƙyanda ce, VAA kuma ta shawara. Layukan VAR da VAA, waɗanda ake yi a wata tara, babu komai a kansu. Ƙa'ida ita ce ba a sake riga-kafi daga farko don an yi jinkiri, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, kuma kyauta ne a asibitin gwamnati. Na tuna mata cewa mashaƙon da ya ɓarke a 2023 ya taɓa Kano da Yobe, ya kuma taɓa jihar Damagaram. Taron biki, inda yara daga garuruwa goma ke kwana ɗaki ɗaya, wuri ne da irin waɗannan cututtuka ke samun hanya.

Ban bar mai jego ba sai da muka yi maganar kunun kanwa, tunda gidan masu kanwa ne kuma ba a yi mata rowa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kanwa da tsananin zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Na roƙi tsofaffin a rage, kuma idan an ga kumburi ko haki ko kasa kwanciya a miƙe, asibiti za a nufa.

Daga nan muka ɗunguma gabas zuwa Gashuwa ta Jajimaji, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Gashuwa ce fadar Mai Bade, tana bakin kogin Yobe, garin shinkafa da bandar kifi, ga kuma jami'ar tarayya da aka kafa a 2013. Angon ɗan Bade ne, don haka a wajen lalle an ji Badanci da Manganci da Hausa, wani lokaci har da ɗan Faransanci idan 'yan matan Gure na son yin gulma. Abin da ya faranta mini rai shi ne an yi gwajin jini kafin a sa rana. Amarya AS ce, ango AA. Wata gwaggo ta ce su a zamaninsu ba a san wannan ba. Na yi mata bayanin cewa da duka biyun AS ne, to kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai sikila. Sai ta yi shiru, can ta ce 'ya'yanta biyu ta binne da ciwon ƙashi.

Abin da bai faranta mini ba a madafa na gan shi. Matan da suka kwana uku a bakin murhu suna ta miƙa wa juna ƙullin ƙwayoyin ciwon jiki, irin haɗin da ake sayarwa a leda babu suna. A irin wannan haɗi ba a rasa diclofenac ko ibuprofen, wani lokaci duka biyun. Gashuwa gari ne da aka daɗe ana kuka da yawan ciwon ƙoda a cikinsa, kuma waɗannan magunguna suna takura wa ƙoda, musamman ga wanda ya wuni cikin zafi bai sha ruwa sosai ba, ko mai hawan jini, ko mai ciwon suga. Na ce musu ruwa da hutu da karɓa-karɓa a bakin tukunya sun fi wannan ƙulli.

Ga shawarata ga duk gidan da ke karɓar baƙi daga tsallake, ko mai shirin zuwa biki can. Mai shan maganin kullum ya taho da wanda zai ishe shi, a cikin kwalinsa, tare da takardar likita. Kada a sayo wa baƙo wani magani sai an tafi da kwalin nasa an nuna. Uwa ta sa katin riga-kafi a jakar da take sa kayan yaro, ko da wane harshe aka rubuta shi. A kuma ware mutum ɗaya a gidan biki da zai riƙa tambayar tsofaffi ko sun sha magani, domin a hidima su ake fara mantawa.

Ranar da motar Gure za ta juya, Inna ta kira ni ta damƙa mini ƙullin dabino. Na ɗauki biro na rubuta sunan maganinta da manyan baƙaƙe a jikin wata takarda, na zana ƙwaya ɗaya da rana tana fitowa, na sa mata a jaka. Ta ce idan Allah Ya kai mu auren jikarta, a can za a yi, kuma sai na zo. Na amsa mata da in sha Allah.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya ƙara mana lafiya da zumunci.