Ɗan Hakin Da Ka Raina

Bara ne Ƙungiya ta ɗora mini aikin duba katin gayyata na Makon Hausa kafin a kai shi maɗaba'a. Na duba shi a gurguje, na ce ya yi. Da katuna ɗari uku suka dawo, sai ga shi lanƙwasar ƙ ta faɗi a wuri guda, muna yi wa "manyan baki" maraba maimakon manyan baƙi. Ranar nan na sha kunya a gaban malamanmu.

Da dare ina ta jimami a ɗaki, sai abokin kwanana, ɗalibin injiniyan lantarki, ya yi dariya ya ce, "Malam Bahaushe, ai ciwonku ɗaya da masu ƙera cif." Cif, watau 'yar ƙwayar silikon ɗin nan da ke zaman ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta. Na gyara zama, ya shiga bayani.

Ashe da haske ake zana hanyoyin lantarkin da ke cikinta. Da farko akan yi zanen a kan wani allon gilashi mai faɗin inci 6, sa'an nan a haska shi. Hasken ya ratsa ta jerin gilasai masu ƙanƙantar da hoton sau 4, ya sauka a kan faifan silikon da aka shafe da sinadari mai jin haske. Allo guda shi ke buga dubban ƙwayoyi, saboda haka aibin da ke jikinsa kowace ƙwaya sai ta gaje shi, kamar katunana.

Na ce to, ai da sauƙi, tun da hoton raguwa yake yi, kuskuren ma ya ragu ke nan. Ya ce nan fa gizo ke saƙa. A lissafi, in layi ya kauce da nanomita 4 a kan allo, da nanomita 1 ya kamata ya kauce a kan faifai. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Haka abin yake muddin layukan suna da kauri. Amma hasken da aka daɗe ana aiki da shi tsawon zangonsa nanomita 193 ne, alhali ana matsa masa ya zana layi mai nanomita 40. In haske ya bi ta kafar da ta yi masa ƙunci, bazuwa yake yi, gefen hoton ya dushe. A gefe mai dushi-dushi kuwa, ɗan canji kaɗan sai ya gusar da iyakar layin da nisa. Sai kuskuren da ake zaton 1 ne ya fito 2, ko 3, ko fiye, musamman a ƙananan ramukan da ke haɗa wani hawa da wani. Layi ya tsinke, ko biyu su manne, ƙwaya ta mutu.

Don haka ake kashe maƙudan kuɗi wajen duba allon, har akan karkata zanen da gangan don hoton ya fito daidai. Kamfanin ASML na ƙasar Holan ya ƙera injin mai haske na nanomita 13.5, wanda TSMC na Taiwan ya soma fitar da kaya da shi a 2019, amma da layuka suka ƙara sirancewa matsalar ta sake biyo su.

Na kwana ina juya maganar. Tsakanin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, tazarar ba ta wuce ɗan ƙugiya ba, kuma inda tazara ta yi ƙunci nan ƙaramin kuskure ke girma. Ga shi yawancinmu aji za mu nufa bayan digiri, inda yara sittin ko fiye za su kwafi duk abin da muka rubuta a allo, su ma wata rana su koyar da shi.

'Yan'uwana ɗalibai, bana ma ni aka ba duba katin. Sau uku na karanta shi, harafi bayan harafi, kana na miƙa wa abokin kwanana ya sake dubawa.